Haɗa wayar intanet da layin kamfanin waya: E1 ko layin SIP?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, masana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini. Muna da na'urar rarraba kira ta cikin gida wadda muka kafa a kan manhajar Asterisk, kuma ma'aikata 60 suna kiran junansu ta cikinta lafiya lau, sai dai har yau ba a haɗa ta da layin kamfanin waya ba, don haka duk mai son kiran wani a waje sai ya koma ga wayarsa ta hannu. Kamfanin da muka tuntuɓa ya ajiye mana zaɓi biyu, ko dai ya jawo mana layin E1, wato layin dijital na tsohon tsarin waya mai ɗaukar kira da yawa a lokaci guda, ko kuma ya ba mu layin SIP, wanda kira yake bi ta irin hanyar da intanet take amfani da ita. Bayan wannan akwai tsofaffin layukan tagulla guda 4 da suke cikin ginin tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma wani abokin aikina yana ganin in sayo getwe mai ƙofofin FXO, wato na'urar da take haɗa layin tagulla da wayar intanet, in jona su kawai a huta. Ban taɓa yin irin wannan haɗi ba, kuma ba na son in sa a sayi kayan da daga baya za a ce ba su dace ba. Wanne ya kamata in bi?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bari in fara da layukan tagulla, domin su ne suka fi jan hankalin mai neman sauƙi, kuma su ne suka fi wahalar da shi daga baya. An ƙera layin tagulla ne domin mutum mai kunne da hannu. Idan wanda kake magana da shi ya ajiye wayarsa, layin ba ya aiko da wani saƙo bayyananne mai cewa an gama. Wani kamfanin yakan juya fuskar wutar layin, wani yakan ɗauke ta na ɗan lokaci, wani kuwa ƙara kawai zai sako maka. Mutum yana jin ƙarar zai ajiye, amma getwe sai an koya mata sautin ƙarar da tsawon kaɗawarta da tsawon shirunta, kuma waɗannan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. In ba a daidaita su ba, layi zai maƙale a buɗe bayan an gama magana, kai kana zaton kana da layuka 4 alhali biyu sun daɗe da kamewa.

Sai kuma amsa-kuwwa. A wurin da ake juya waya mai zare biyu zuwa mai zare huɗu, wani ɓangare na muryarka yakan dawo maka. A tsohon tsari ba a lura da shi domin yana dawowa nan take, amma wayar intanet tana ƙara jinkiri wajen tara murya cikin fakiti, wato ƙananan ƙunshin bayanai, da jiran isowarsu, sai ka riƙa jin kanka kana maimaita abin da ka faɗa. Akwai masu share amsa-kuwwa da aka gina bisa ƙa'idar G.168, kuma suna aiki, sai dai magani ne na cutar da kai ka jawo wa kanka.

Shawarata ita ce E1. Layi ne mai ɗaukar megabit 2.048 a sakan, an raba shi gurbi 32, kowane gurbi kilobit 64. Gurbin farko na daidaita tafiyar layin ne, gurbi mai lamba 16, idan aka fara ƙirga daga sifiri, na saƙonnin kafa kira da katse shi, sauran 30 na murya. Kowane kira yana da gurbinsa shi kaɗai, babu mai ture shi, kuma saƙonnin Q.931, ƙa'idar kafa kira da katse shi a wannan layi, suna gaya wa na'urarka dalla-dalla cewa an ɗauka, ko an ajiye, ko layi yana cikin aiki. Na shekara da shekaru ina kula da irin waɗannan layuka, kuma wanda aka kafa daidai yakan yi shekaru ba a waiwaye shi ba.

Mai Gadin Sabar:
Baba Injiniya, a kan layukan tagulla ba ni da abin ƙarawa, amma a kan E1 ina neman izini in saɓa maka. Yawancin manyan kamfanonin waya sun riga sun mayar da cikin gidansu tsarin IP, wato irin na intanet, kuma E1 ɗin da suke bayarwa a yau sau da yawa wani ƙaramin akwati ne suke ajiyewa a ginin abokin ciniki, faiba ta shigo masa ta baya, shi kuma ya fitar da E1 ta gaba. Wato kiran ya zo a matsayin SIP, akwatin kamfani ya juya shi zuwa E1, sannan katin karɓar E1 da ɗan'uwanmu zai saya ya sake juya shi zuwa SIP domin wayoyin ofis su gane shi. Ba cinya ba, ƙafar baya ke nan, tare da ƙarin na'urori biyu da kowacce za ta iya lalacewa. A Ingila ma kamfanin BT ya sanar da cewa zai rufe tsohon tsarin wayarsa a watan Janairun 2027, kuma ba shi kaɗai ne ya kama wannan hanya ba.

Abin da nake so Ɗan Koyo ya bambance shi ne layin SIP iri biyu ne. Akwai wanda yake bi ta intanet ɗin kowa da kowa, inda muryarka take gogayya da masu kallon bidiyo da masu sauke manyan fayiloli, akwai kuma wanda kamfani yake kawowa ta keɓantacciyar hanya da ba ta ɗauke da komai sai murya. Mafi yawan ƙorafin da ake yi a kan SIP na nau'in farko ne. Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka sayi ko da kebul ɗaya, ka nemi kamfanin ya ba ka bayanin haɗin a rubuce: adireshin da saƙonnin kira za su fito daga gare shi da kuma na murya, domin sau da yawa ba ɗaya ba ne, da yadda za su tantance ka, ko ta suna da kalmar sirri ko ta adireshinka kawai, da kodek ɗin da suke karɓa, wato salon mayar da murya bayanan dijital, da siffar da suke so a rubuta lambobi, da yadda suke tafiyar da danna maɓalli da faks. Kamfanin da ya kasa ba ka wannan takarda, to gara ka karɓi E1 ɗinsa.

Mai Lissafi:
Kafin ku yi nisa, akwai tambayar da ba a yi ba, wato kira nawa ne za su gudana a lokaci guda. Ana auna cunkoson waya da erlang, sunan masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, wanda ya yi aiki a kamfanin waya na Kofanhegan kuma ya fitar da lissafin a 1917. Erlang ɗaya yana nufin layi ɗaya yana cikin aiki tsawon awa guda cur. Mu ƙaddara cewa a awar da ta fi cunkoso kowane ɗaya daga cikin mutum 60 yana yin minti 6 yana magana da waje. Jimla minti 360 ke nan, wato erlang 6. Idan aka yarda kira ɗaya cikin ɗari ya tarar da layuka a cike, jadawalin Erlang B yana nuna ana bukatar layi 13. Layukan tagulla 4 ba sa ɗaukar ko erlang ɗaya cikakke a wannan ma'auni, shi kuwa E1 mai hanya 30 yana ɗaukar erlang 20 da ɗoriya, wato fiye da ninki uku na bukatarku. Minti 6 ɗin nan misali ne kawai na kawo. Ya kamata ka ƙiyasta na gaskiya daga yadda ma'aikatanku suke kira.

Tsohon Injiniya:
'Yata, Mai Gadin Sabar, maganarki game da akwatin nan gaskiya ce, na ga irinsa da idona, kuma idan haka kamfanin zai yi to hujjata ta yi rauni. Abin da har yanzu nake riƙe da shi shi ne E1 yana nuna iyakar alhakin kowa a fili. Fitilar kati ko dai kore ce ko ja, kuma idan ja ce an san gefen da za a duba. A layin SIP kuwa, ranar da murya ta fara yankewa, mai kula da waya zai ce laifin mai kula da rauta ne, wato na'urar da take nuna wa fakiti hanya, shi kuma ya ce na kamfani ne, kamfani ya ce shi a wurinsa komai lafiya.

Ba ina cewa E1 ba shi da tarko ba. Na taɓa kafa wani layi, murya tana fita sarai sai dai wani ɗan ƙas da ake ji jefi-jefi, faks kuwa ba ta taɓa kai shafi na biyu. Na canja kebul, na canja kati, na yi ta zargin kamfanin waya, ashe laifin nawa ne: na bar katinmu yana bin agogon kansa maimakon ya karɓi bugun agogo daga layin kamfani. Agogo biyu ba sa taɓa tafiya daidai, don haka lokaci zuwa lokaci sai a zubar da firam ɗaya na maikrosakan 125 ko a maimaita shi. Kunne yana yafe wannan, faks ba ta yafewa. Amma ku lura da yadda na gano shi: na buɗe ƙididdigar katin na ga lambar zamewar agogo tana hawa a gaban idona, na gyara layi ɗaya a saiti, ta tsaya cak. Irin wannan saurin kama ɓarawo nake jin tsoron ɗan koyo zai rasa a SIP.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, Malama Mai Gadin Sabar da Malam Mai Lissafi. Na koma wurin kamfanin da tambayoyin nan, kuma sun tabbatar da cewa ta faiba za su kawo ko wanne na zaɓa, E1 ɗin ma daga akwati zai fito kamar yadda Malama ta faɗa. Saboda haka mun karɓi layin SIP ta keɓantacciyar hanya, mai ɗaukar kira 15 a lokaci guda, kuma za su tantance mu ta adireshi. Takardarsu ta ce suna karɓar G.711 da G.729. Na karanta cewa G.729 kilobit 8 kawai yake ci, shi kuwa G.711 yana cin 64. Ashe ba gara in zaɓi mai cin kaɗan ba?

Mai Gadin Sabar:
A'a, ka zauna a kan G.711. Da farko bambancin bai kai yadda lambobin suka nuna ba, domin kowane fakiti yana ɗauke da bayit 40 na kanun IP da UDP da RTP, wato bayanan jagora da ake liƙa wa muryar, kuma ana aika fakiti 50 a sakan idan kowanne yana ɗauke da milisakan 20 na murya. Idan ka haɗa lissafin, G.711 yana cin kilobit 80, G.729 kuma 24, kafin a ƙara na Ethernet. Kira 15 na G.711 bai kai megabit ɗaya da rabi ba ta kowace fuska, wanda ba komai ba ne a kan faiba. Na biyu, G.711 shi ne ainihin harshen tsohon tsarin waya tun 1972, ana ɗaukar samfurin murya sau 8000 a sakan, kowane samfuri bit 8, don haka kiranka zai ratsa ba tare da an matse shi an sake warware shi ba. Duk matsewa tana rage wa murya wani abu, kuma idan wanda ka kira yana kan wayar hannu, wadda ita ma tana da nata kodek mai matsewa, za a yi wa muryar aski sau biyu.

Ka kula da cewa G.711 kansa gida biyu ne. Arewacin Amurka da Japan suna amfani da wanda Asterisk take kira ulaw, sauran duniya kuma galibi alaw, wanda shi ne yake tafiya da E1. Ka duba wanda takardar kamfanin ta ambata ka sa shi a farko. Idan babu kodek ɗin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa, za ka ga an mayar maka da amsa mai lamba 488, kiran ya faɗi tun kafin ya yi ƙara.

Ɗan Koyo:
Jama'a, an haɗa layin jiya da yamma, amma ana kukan targaɗe sai ga karaya. Idan muka kira waje, wanda muka kira yana jinmu sarai, mu kuwa shiru kamar an toshe mana kunne. Idan aka kira mu daga waje haka abin yake, sannan kiran yana yankewa da kansa. Na sa agogo na gwada sau biyar, kowane karo a sakan 32 yake mutuwa, ba ƙari ba ragi. Na'urarmu tana bayan katangar tsaron ofis, wato na'urar da take tace abin da ke shiga da fita a hanyar sadarwarmu, kuma ita katangar ce take riƙe da adireshin da kamfani ya ba mu.

Sabon Shiga:
Ni ma na taɓa samun irin wannan, kuma da na kashe katangar tsaro gaba ɗaya na tura duk ƙofofi zuwa na'urar sai komai ya daidaita. Ka gwada haka ka gani.

Mai Gadin Sabar:
Ɗan'uwa Sabon Shiga, ina roƙonka ka koma ka rufe abin da ka buɗe tun kafin dare ya yi. Akwai kwamfutocin da ba su da aiki dare da rana sai laluben ƙofa ta 5060, wadda saƙonnin SIP suka saba bi, a faɗin intanet, kuma idan suka samu na'urar da ta amsa sai su shiga gwada lambobin ciki da kalmomin sirri. An taɓa kirana wani ofis da aka bar ƙaramin layi mai lamba 100 da kalmar sirri 100. Daga yammacin ranar da aka tashi hutun ƙarshen mako zuwa safiyar komawa aiki, duk hanyoyinsu a cike suke da kira zuwa lambobin ƙasashen waje masu tsada, irin waɗanda ɓarayin suke samun kaso daga kuɗin kiransu. Kamfanin waya bai yafe ko minti ɗaya ba, domin a wurinsa daga layinsu kiran ya fito. A buɗe ƙofar SIP ga adireshin kamfanin waya kaɗai, kuma a rufe kiran ƙasashen waje ga duk wanda aikinsa bai bukace shi ba.

Ɗan Koyo, sakan 32 ɗin nan da ka auna ya riga ya faɗi sunan cutar. A ƙa'idar SIP, wadda aka tsara a RFC 3261 a shekarar 2002, idan kira ya shigo da saƙon INVITE kuma aka ɗauka, na'urarka tana aika 200 OK, sannan ta jira ACK daga ɗaya gefen. In bai zo ba za ta yi ta maimaita amsarta har tsawon rabin sakan sau 64, wato sakan 32, sai ta ɗauka babu kowa ta katse. Dalilin da ACK bai iso ba shi ne na'urarka ta rubuta adireshinta na cikin gida, irin mai farawa da 192.168, a cikin saƙon a matsayin inda za a same ta. Katanga tana sauya adireshin da ke bayan ambulan, amma ba ta taɓa wanda aka rubuta cikin wasiƙar, shi kuma kamfani na cikin wasiƙar yake bi.

Rashin jin murya ma daga nan ya taso. SIP ba ya ɗaukar murya, shiri kawai yake ƙullawa, sannan murya ta bi tata hanyar daban ta RTP zuwa adireshi da ƙofar da aka ambata a sashen SDP, wato ɓangaren saƙon SIP mai bayanin murya. Kun san inda za ku aika taku muryar, shi ya sa ake jinku, su kuwa suna aika tasu zuwa adireshin da ba ya wanzu a wajen gininku. A saitin PJSIP, wato sashen Asterisk mai kula da SIP, ka cika external_signaling_address da external_media_address da adireshin da kamfani ya ba ku, ka bayyana local_net, ka tura ƙofar 5060 da ƙofofin RTP zuwa na'urar, waɗanda a Asterisk aka saba sa su daga 10000 zuwa 20000. Idan katangarku tana da abin da ake kira SIP ALG, ka kashe shi, domin yakan yi ƙoƙarin gyara saƙonnin da kansa ya ƙara dagula su. Sannan ka tabbata rautarku ta san cewa adiresoshin murya na kamfanin ta keɓantacciyar hanya ake zuwa gare su, kada ta tura su ta babbar ƙofar intanet.

Tsohon Injiniya:
Wannan shi ne abin da nake faɗa. A E1 saƙon kira da murya cikin kebul ɗaya suke tafiya, ba yadda za a yi ɗaya ya isa ɗaya ya ɓata. Duk da haka dole in yarda cewa bayanin Malama ya nuna SIP ma yana da tasa fitilar ga wanda ya iya karanta ta. Ɗana, kafin ka taɓa saiti ka ɗauki hoton kiran yadda yake yanzu, domin ka ga cutar da idonka, ka kuma samu abin da za ka kwatanta da shi bayan gyara.

Ɗan Koyo:
Na bi shawarar Baba Injiniya na buɗe sngrep, manhajar da take nuna saƙonnin SIP a kan allo, kafin in gyara komai, kuma gani ya kori ji. Ga INVITE ya shigo, ga 200 OK namu ya fita, sai ga shi yana ta maimaituwa a jere har ƙasan allo babu ACK ko ɗaya, kuma a cikin saƙon ga adireshinmu na 192.168 a zaune. Bayan na cika saitin kuma na kashe SIP ALG, na yi kira na minti 20 ana jin juna ta kowane gefe. Saura abu biyu. Wasu lambobin da muke kira suna dawowa da 404, wasu lokuta kuma 403. Sannan idan muka kira wuraren da na'ura take cewa a danna 1 ko 2, muna dannawa amma kamar ba ta ji.

Mai Lissafi:
Na 404 ɗin, ina kyautata zaton siffar lamba ce. Tsarin lambobin waya na duniya, E.164, yana fara lamba da lambar ƙasa, kuma duka ba ta wuce lambobi 15. Sifirin da mutane suka saba farawa da shi a ƙasashe da yawa ba ya cikin ainihin lambar, alama ce kawai ta kira a cikin ƙasa. Wani kamfanin yana son a aiko masa da lamba da alamar tarawa da lambar ƙasa, wani yana son lambar ƙasa ba tare da alamar ba, wani kuma yana son yadda ake bugawa a gida. Ma'aikatanku za su ci gaba da buga lamba yadda suka saba, aikin tsarin bugun kiranka ne ya cire abin cirewa ya ƙara abin ƙarawa kafin ta fita. Na 403 kuwa, ka duba lambar da kuke nunawa a matsayin mai kira. Idan ƙaramar lambar ciki irin 204 ce take fita a From ko P-Asserted-Identity, wato layukan saƙon SIP masu nuna mai kira, kamfanoni da yawa za su ƙi kiran, domin ba sa barin kowa ya nuna lambar da ba su ba shi ba.

Mai Gadin Sabar:
Haka ne. Game da maɓalli kuma, hanya uku ake bi wajen isar da su: ko a bar sautin ya tafi cikin murya, ko a aika shi a matsayin fakiti na musamman cikin RTP bisa RFC 4733, wanda ya maye gurbin RFC 2833 kuma har yanzu mutane da yawa da tsohon sunan suke kiransa, ko kuma a aika ta saƙon SIP INFO. Matsalar tana tasowa ne idan kai kana bin ɗaya kamfani yana sauraron wata. Ka duba SDP ɗin da suke aiko maka, in ka ga telephone-event to hanya ta biyu suke so, sai ka daidaita dtmf_mode da ita. Ka gwada da lamba mai tsawo wadda take da maimaici, kamar 1 sau huɗu a jere, domin wani lokaci maɓalli yana isa amma sau biyu, idan sautin ya bi ta murya kuma ya bi ta fakiti.

Tsohon Injiniya:
Tun da kun kusa kammalawa, ga abu biyu daga tsohon hannu. Na farko, lambobin SIP da kuke gani sau da yawa fassara ce ta dalilan da tsohon tsari yake bayarwa bisa Q.850: dalili na 17, layi yana cikin aiki, shi ne yake zama 486, dalili na 1, lambar da ba a ba kowa ba, ya zama 404, dalili na 34, babu hanyar da ta rage, ya zama 503. Kamfanoni da yawa suna saka ainihin dalilin a layin Reason na saƙon. Ranar da za ka kai ƙara, ka tafi da lokacin kiran da lambobin biyu da wannan dalili, za ka ga injiniyansu ya saurare ka da wani kunne daban.

Na biyu, kada ku yanke layukan tagulla duka. Layin tagulla yana samun wutarsa, kimanin volt 48, daga wurin kamfani, don haka ko wutar gininku ta ɗauke yana aiki. Faiba ba ta kawo wuta, wato akwatin kamfani da rauta da sabar da wayoyin tebur duk sai sun dogara da batirinku. Ku bar layi ɗaya da waya mai igiya a jikinsa, muddin kamfani bai janye shi ba. Ku kuma tambayi kamfanin yadda lambar kiran gaggawa take bi ta sabon layin, da kuma adireshin ginin da suka rubuta a kan lambobinku, musamman idan wasu ma'aikata za su riƙa jona wayoyinsu daga wani wuri.

Mai Gadin Sabar:
A wannan ba ni da ja, Baba Injiniya, kuma layin da aka bari zai iya ɗaukar faks idan har suna amfani da ita. Faks a kan SIP tana bukatar ko dai T.38, ƙa'idar aika faks ta IP, ta kowane gefe, ko G.711 tsantsa a hanyar da fakiti ba ya ɓata, kuma ko a haka sau da yawa sai an rage gudunta zuwa bit 9600 a sakan.

Ɗan Koyo:
Lambobi sun daidaita bayan na sa tsarin bugu ya cire sifirin farko ya ƙara lambar ƙasa, 403 ya ɓace da na sa babbar lambar ofis a matsayin mai kira, maɓalli ma suna isa ɗaya bayan ɗaya. Mun rubuta wa kamfani a yanke layukan tagulla 3 a bar 1, kuma na mayar da injin faks kansa. Abin da ya rage shi ne wata ma'aikaciya ta ce kiranta ya yanke sau biyu yau, kuma duka biyun a daidai minti 15. Na bar sngrep a buɗe yana tara saƙonni, gobe da safe zan kira lambar gwaji in bar ta ta wuce minti 15, sannan in kawo muku abin da ya fito.

Mai Gadin Sabar:
Idan ka zo dubawa, ka nemi layin Session-Expires a cikin INVITE na farko. In ka ga 1800, to a rabin wannan lokaci ake aika saƙon sabunta kira, wato a sakan 900. Ka duba wane gefe ne aka ɗora wa sabuntawar, da kuma amsar da saƙon ya samu.